Jibi Za a Ja Yasin a Kan Wanda Ya Tona Asirin Shinkafar Tallafi

Assalamu alaikum admin da duk mutanen wannan gida, iyayena da ƙannena, Allah ya sa kun yini lafiya. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, in aka gane ni a garinmu, abin da nake gudu zai faru tun kafin lokacinshi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ba 'yar boko ba ce, yaƙi da jahilci na yi, da yatsa ɗaya nake danna waya, tun bayan azahar nake kan wannan.

Ni 'yar wajen Fakuwa ce ta ƙasar Kankia, aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Kusada, ba nisa da Bauranya, ba zan faɗi sunanshi ba. 'Ya'yana shida. Maigidana manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, Malam muke ce mashi don ya sauke, yana rubuta ajami kamar ruwa, amma boko ko sunanshi bai iya ba. Mutum ne mai gaskiya kuma mai zafin zuciya, tare aka halicce shi da su biyun. Tsakani da Allah bai taɓa ɗaga mani hannu ba, amma 'ya'yanshi maza sun san sandarshi, maƙwabta sun san muryarshi. Ni kuma Allah ya yi ni mai sanyi, in ya taso sai in yi shiru har ya sauka, da haka muka kawo yau.

Malam da hannunshi ya zaɓi shugaban ƙasar nan, har ya ja rabin unguwarmu suka bi shi, shi ya sa da abubuwa suka juya ya fi kowa jin ciwo. Tun da aka cire tallafin mai ya fara sukar gwamnati, taki ya hau ya ƙara, amma abin da ya fi tayar mashi da hankali shi ne duk lokacin da aka karanta bajet a rediyo. Sai ya ajiye loma ya ce wannan ba kasafi ba ne, kasafi na abin da ke hannu ne, mahauci ba ya kasafta saniyar da ba a yanka ba, balle wadda ba a saya ba. Ya ce ina aka taɓa ganin maigidan kirki ya ciwo bashi da ruwa a waje, ya sai wa kanshi da barorinshi motoci, sannan ya shigo gida ya ce iyali su ɗaure ciki, kuma jikokin da ba a haifa ba su za su biya. Ya ce manomi ya sai taki da tsada, ya sha rana, kaka na yi sai a buɗe ƙofa a shigo da abincin waje farashi ya faɗi, buhun da ka noma bai iya sayen takin da ya ci, ka kai shi kasuwa kuma ga masu rasit a bakin ƙofa, wannan ya yaga wancan ya yaga. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, shi bai roƙi gwamnati ta ba shi komai ba, ta cire hannunta daga rumbunshi kawai. Shinkafar tallafi kuwa da ake rabawa, cewa yake maula ce, an karɓe maka sa an ba ka ƙafar kaza, kuma duk namijin da ya shiga layinta ya sayar da mutuncinshi.

Ni ce mai tukunya, na san maganarshi akwai gaskiya a ciki, don ni nake ganin yadda kwanon awo ke raguwa. Ban taɓa yi mashi musu ba.

Sai wani ya sa shi a guruf ɗin manoman Kankia da Kusada a waya, ya fara tura saƙon murya. Jama'a abin ya karɓu, ana ta yaɗawa, har a kasuwar Kankia mutanen da bai sani ba suna tare shi suna cewa Malam mai rumbu a ƙara mana. Tun da bai iya boko ba, duk abin da aka rubuto mashi ni yake kawo wa, bayan la'asar ya zauna bakin ɗakina ya miƙo waya ya ce karanta mani abin da suka ce. Wallahi lokacin har daɗi nake ji, karatun da na yi da goyo a baya ya yi rana.

To akwai wani abu da ya faru daminar da ta wuce, wanda shi ne tushen wannan masifa. Cikin marka hatsinmu ya ƙare ƙaf, sabo bai nuna ba, ni ina kwance da zazzaɓi, yara sun kwana biyu kan tafasa da ɗan ƙuli. Malam yana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, yara na ce mashi Baffa, yana da injin niƙa a Kusada kuma yana cikin masu riƙe da jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu. Da ya ji halin da muke ciki, ranar da ake tafka ruwa ba kowa a waje, ya ɗauko rabin buhun shinkafar tallafi, ya lulluɓe da harawa a bayan mashin, ya shigo da ita ta ƙofar baya. Malam na zaune a zaure, ya ga shigarshi, ya kau da kai. Da na tuƙa tuwo na kai mashi bai tambaye ni ba, nima ban ce komai ba, ya ci, na ga idonshi ya yi ja. Yara na ce masu daga gidanmu aka aiko. A lissafin Malam mu uku muka san wannan magana, shi da ni da Baffa. Abin da bai sani ba, babban ɗanmu na cikin gida a ranar, shi ya kama mani buhun muka shigar ɗaki don ba ni da ƙarfi.

Ko rubuta babban ɗanmu da na yi yanzu sai da na ji nauyi. Ɗan fari ne, ku da kuka san al'adarmu kun sani, tun da na haife shi ban taɓa kama sunanshi ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba, in zan kira shi sai in ce kai, in zan yi maganarshi in ce yaron nan. Shi kuma Yaya yake ce mani, yadda ya taso ya ji ƙannena na faɗa. Shekararshi ashirin da biyar, ya yi karatun koyarwa ya gama, ba aiki, yana kabu-kabu tsakanin Kusada da Kankia. Shi da babanshi ba sa shan inuwa ɗaya kan maganar gwamnati. Shi yana ganin tallafin mai ɓarayi ke cinye shi tun da can, gara da aka cire, a yi haƙuri gyara ne, kuma ba ƙasar da ke gina hanya ba ta ci bashi ba. Akwai ranar da ya faɗi haka a majalisa, Malam ya tashi ya kwaɗa mashi mari gaban abokanshi, ya cire hular jam'iyya daga kanshi ya jefa a kwata, ya ce mashi ɗan maula. Yaron ya ɗauki mashin ya tafi, kwana uku bai ci abincin gidan ba. Ni ina ji ina gani, kunya ta hana ni in ce Malam ka yi mashi da sauƙi, kada a ce ina kare ɗan fari.

Bayan wannan da kamar wata biyu sai wani akawun na bogi ya ɓullo, ba suna ba hoto, yana bin duk saƙon da Malam ya tura yana ba shi amsa a rubuce, ana ɗaukar hoton rubutun ana sawa a guruf. Da farko muhawara ce mai tsabta, har Malam na jin daɗi, yana cewa karanta mani ɗan bokon nan in ji yau da me ya zo, in na gama ya yi dariya ya ce Allah sarki, an ba shi data yana haushi. Sai ranar Asabar ɗin da ta wuce. Malam ya tura saƙo mai zafi kan rabon tallafi, ya ce shi ko yunwa za ta kashe shi ba za a ga ƙwayar shinkafarsu a gidanshi ba. Da la'asar ya miƙo mani waya, na fara karantawa da ƙarfi ban duba ba. Abin da aka rubuta shi ne, Malam mai wa'azin rumbu, kai da ka ce tallafi maula ne, wa ya ci tuwon shinkafar da aka shigo da ita ƙarƙashin harawa ranar da fatsin rumbunka ya ƙare?

Na kai kan harawa bakina ya mutu. Ba maganar ce kawai ta kashe mani jiki ba, kalmar da ke gaba ce, fatsi. Bari in yi maku bayani. Mu nan in muna magana, tahi muke cewa, lahiya, kasahi. Malamar da ta koya mana yaƙi da jahilci daga Kano aka auro ta, kullum tana buga allo tana cewa ba tahi ba ne tafi ne, ba lahiya ba ce lafiya ce, ku daina rubuta yadda bakinku ke faɗa. Ni da tsoron kuskure sai na zarce, na koma rubuta hatsi da fa, fatsi, na shekara ina haka ba wanda ya lura. Lokacin yaron nan na ƙarami, ban koya mashi ba don ba ma zama tare, amma in na ajiye littafina sai ya ɗauka ya kwafa a ƙasa da tsinke. Da shi ya shiga firamare, malamai suka yi ta dukanshi a kai har ya gyara, amma har yau in yana sauri ko ranshi a ɓace sai ya suɓuce mashi, na sha gani a saƙon da yake turo wa ƙanwarshi. Duk ƙasar Kusada ban san mai rubuta hatsi haka ba sai ni da abin da na haifa.

Malam ya ce ci gaba mana. Na ce rubutun ya yi ƙanana idona ba ya gani. Ya fizge wayar ya fita majalisa, ya ba wani ya karanta mashi gaban mutane, ashe duk sun riga sun gani, wasu na sunne kai, wasu 'yan samari suka kasa riƙe dariya, wani ma ya ce Malam ashe da miyar kuka aka ci ko da ta kuɓewa. Wanda ya ba ni labari ya ce Malam tashi kawai ya yi, ya shigo zaure ya ɗauki ƙotar gatari, ya tari mashin sai Kusada.

A bakin injin niƙa ya sami Baffa, mata da yara cike da wurin sun kawo niƙa. Bai yi sallama ba, bai tambaye shi ba, ya ce munafuki, ka ciyar da ni don ka tozarta ni, ya sauke mashi ƙotar a ka. Baffa bai rama ba, wanshi ne, hannu kawai ya ɗaga ya kare, ta biyu ta sauka a hannun, waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin duk da kukan inji. Ya faɗi cikin garin niƙa, jini na zuba yana cakuɗewa da garin mutane, Malam bai bari ba yana ta duka a haƙarƙari da baya, sai da maza huɗu suka danne shi. Baffa yana ƙasa abin da kawai yake cewa, Yaya me na yi maka, Yaya me na yi maka. An yi mashi ɗinki a ka, hannun ya karye wuri biyu, an kai shi wurin mai ɗori.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji ihu. Samarin jam'iyya ne da dangin matar Baffa, sun fi ashirin, da gora da adda da duwatsu. Suka ɓalle ƙofar zaure, suka cinna wa tarin karanmu da harawa wuta, iska na kaɗa ta wajen rumbu. Malam ya fito da adda tsirara, na riƙe rigarshi ta baya da hannu biyu, ya ja ni a ƙasa har gwiwoyina suka sale ban saki ba, don na san in ya isa gare su sai an yi gawa. Dutse ya same shi a goshi, jini ya rufe mashi ido. 'Yata budurwa ta fito da bokiti za ta kashe wuta, wani ya hankaɗe ta ta faɗa kan turmi, haƙorinta na gaba ya fita. Wani ƙato ya ɗaga gora zai sauke wa Malam a tsakar ka, sai ga yaron nan ya faɗo tsakani, gorar ta sauka a kafaɗarshi, ya ƙwace ta ya shiga cikinsu kamar mahaukaci, abokanshi ne fa wasunsu, ya fasa wa biyu kai, shi ma aka sare shi a damtse. Allah ya kawo mai unguwa da liman da 'yan sintiri aka raba, maƙwabta suka kashe wutar saura taku biyu ta kama rumbu.

Abin da ya ƙarasa karya mani zuciya, ina wanke wa Malam goshi da ruwan ɗumi, yaron na zaune gefe an ɗaure mashi damtse, sai Malam ya dube shi ya ce yau na san na haihu, Allah ya yi maka albarka. Tun da yaron nan ya girma ban taɓa jin ya faɗa mashi haka ba. Yaron ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga, Malam ya ɗauka zafin sara ne.

Dagaci ya hana a kai maganar wurin 'yan sanda, ya tara su. Aka kawo Baffa da hannu a rataye, ya ce shi bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba. Malam ya ce to aljani ne ya rubuta, mu uku muka sani, ko matata za ka ce. Nan gaban dagaci da liman da dattawa ya rantse, ya ce duk wanda ya yi wannan rubutu, ko daga cikinshi ya fito, sai ya karya hannun da ya rubuta kuma ya tsine mashi duniya da lahira. Aka yanke ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa zai dafa Alƙur'ani, in ya rantse, Malam zai tara abokan karatunshi a ja Yasin a kan wanda ya yi, ko wane ne, ko yana ina. Liman ya so ya hana, Malam ya ce haƙƙinshi ne. Mahaifiyarsu tsohuwa tana nan da rai, tun ranar ba ta cin komai sai ruwan kunu, tana cewa Allah ya ɗauki ranta kafin ta ga 'ya'yanta biyu gaban Alƙur'ani.

Ni dai na san abin da idona ya gani ina yarinya a Fakuwa, an ja Yasin kan wanda ya sa wa wata gona wuta, ba a yi wata ba wani saurayi ya fara tafiya yana magana shi kaɗai, har ya mutu bai dawo daidai ba. Ko dace ne ko ba dace ba ne ban sani ba, amma ni uwa ce.

Ranar Talata na ce zan je asibitin Kankia a duba mani gwiwa, na ce wa ƙanwarshi ta ce wa yaron nan ya kai ni. Na zaɓi mashin ne don ba zan iya kallon fuskarshi in yi wannan magana ba, amma bayanshi zan iya. Mun wuce gonaki ba kowa sai na ce kai, hatsi da wane baƙi ake fara rubuta shi? Wallahi sai da mashin ɗin ya yi tangal-tangal muka kusa faɗawa kwalbati. Ya tsaya, bai juyo ba, nima ban sauka ba, haka muka yi maganar, ina kallon ƙeyarshi. Ya ce Yaya ki yafe mani. Ya ce wani yaron ɗan siyasa ne ke sa masu data shi da abokanshi don su riƙa kare gwamnati a waya, da alkawarin in an tashi ɗaukar malamai za a sa sunanshi, amma ba don data ya yi na ƙarshen ba, marin nan ne bai bar zuciyarshi ba, da ya ji Baba na rantsuwa ƙwayar shinkafa ba ta shiga gidanshi ba alhali shi ya ɗauki buhun, sai shaiɗan ya hau shi, ya tura kafin ya yi tunani, ya goge amma an riga an ɗauka. Ya ce bai taɓa kawowa zai faɗa kan Baffa ba. Na ce to ka je ka faɗa da bakinka. Ya ce Yaya hannu ba komai ba ne, ya karya duka biyun, amma tsinuwa fa? Ya ce shekara ashirin da biyar yana jiran Baba ya sa mashi albarka, ya samu kwana biyu kenan, in na faɗa gara ya hau motar Legas kada a sake jin labarinshi. Na ce Yasin ɗin fa, ai ba ta san nisa ba. Ya kifa kai a kan mashin yana kuka kamar yaro, ni kuma hannuna ya ɗaga zai dafa bayanshi ya kasa, ban saba ba.

Daga asibiti na ce ya sauke ni gidan Baffa in duba shi, shi ya ƙi shiga. Matar Baffa ko gaisuwata ba ta amsa ba, ban ga laifinta ba. Na same shi kwance, kai a naɗe, fuska a kumbure, numfashi ma da ƙyar saboda haƙarƙari. Da matar ta fita sai ya ce matar Yaya, kada ki wahalar da kanki, na san wanda ya yi, ni na haɗa shi da masu ba da datar, kuma na ga wanda ya kama maki buhu ranar. Na rasa inda zan sa kaina. Ya ce shi ya yi tunani, ranar Juma'a ba zai dafa Alƙur'ani ba, zai ce shi ne ya sa aka rubuta, a bar Yasin, tun da dukan ya riga ya sha, hannun ya riga ya karye, gara nashi da na yaro mai tasowa. Har da ɗan murmushi ya ce ai ni ɗan siyasa ne, ƙarya ɗaya ba za ta ƙara mani nauyi ba. Na ce Baffan yara, wanka zai yanke zumunci da kai har abada, ya ce ko gawarka ba zai bi ba. Ya ce na sani, ki bar ni da shi, ke dai ki riƙe bakinki.

To jama'a kun ji inda nake. In na yi shiru Baffa ya ɗauki laifin, ɗana ya tsira, amma bawan Allah da ya ciyar da 'ya'yana ranar da ba mu da komai zai ƙare rayuwarshi da sunan munafuki, 'yan'uwa biyu su rabu uwarsu na kallo, 'ya'yanmu da nashi su tashi da gaba, kuma ni na san gaskiya, da wane ido zan tsaya gaban Allah. Kuma ba ni da tabbacin matar Baffa da danginta za su bar shi ya yi wannan ƙarya, in suka matsa ya rantse, Yasin ta hau kan ɗana. In kuma na faɗa, na san mijina, bai taɓa rantsuwa ya janye ba, wanda ya yi wa ƙanenshi haka gaban mutane kan zato, me zai yi wa ɗanshi kan tabbas? Kuma ranar da ya gane ya karya hannun ɗan'uwanshi a banza, ban san me zai yi wa kanshi ba.

Na gwada ta ƙasa-ƙasa. Jiya na ce Malam a bar wa Allah mana, ya ce ai wurin Allah zan kai. Na ce in fa wani yaro ne ƙuruciya ta ɗebe shi, ya kalle ni, ya ce ko kin san wani abu ne? Na ce me zan sani ni da ke cikin gida. Tun da aka kawo ni gidan nan wannan ce ƙarya ta farko da na yi mashi da ta hana ni cin abinci. Na yi tunanin zuwa wurin liman a ɓoye, amma matarshi ba ta riƙe magana, na yi tunanin tsohuwa, ina tsoron zuciyarta ta buga. Ko in sa yayana na Fakuwa ya zo, to shi da Malam ba sa jituwa tun wata rigimar iyakar gona.

Malaman da ke cikin wannan guruf, don Allah ku gaya mani, rantsuwar da uba ya yi cikin fushi bai san ɗanshi ba ne, tana da kaffara ko dole sai ya cika? Yasin ɗin nan da gaske tana kama wanda ya tuba? Iyaye mata da kuka san zama da namiji mai zuciya, ta wace ƙofa ake shiga a faɗa mashi irin wannan, a gaban wa, da wane lokaci? Ko in bar Baffa ya yi abin da ya ce, in ɗauki zunubin in yi ta istigfari? Masu zagina kan na yi shiru tun farko ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara.

Yau Laraba. Ɗazu da zai fita la'asar Malam ya ajiye mani farar takarda da biro, ya ce malaman sun ce a kawo maganar a rubuce a ajiye tsakiya lokacin da za a ja, kuma shi bai yarda da hannun kowa ba yanzu sai nawa, in kwafe mashi rubutun baƙi da baƙi yadda yake, gobe da safe zai karɓa. Ga ta nan a kan tabarma ban taɓa ta ba, na ji an kira magariba, yanzu zai shigo ya tambaye ni ko na gama. Don Allah me zan ce mashi?